Bakof na kowane dare yana kwashe komai, alhali babu wanda ya taɓa fayilolin

Mai Gadin Saba:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata matsala ce ta ɗaure mini kai kusan mako biyu, ko akwai wanda ya taɓa cin karo da irinta.

Muna da sabar fayiloli mai Linux, wato kwamfutar da ke ajiye fayilolin ofis, faifan ext4 ne, ma'aikata suna zuba takardunsu a kai. Daren Asabar ake ɗaukar cikakken bakof, wato kwafin ajiya na duk fayilolin, sauran darare kuma abin da ya canza kawai. A da na kullum ba ya wuce minti 20. Yanzu sai ya kai asuba yana tafiya, girmansa kuma daidai da na cikakken. Faifan ajiya ya kusa cika. Ga manhajar da ke sa ido don gano kutse, kowace safiya sai ta turo mini jerin dubban fayiloli wai an taɓa su. Na ɗauko wasu na gwada da kwafin watan jiya, ko harafi ɗaya bai canza ba. Umarnin jera fayiloli na `ls -l` ma tsohon kwanan watan yake nunawa. To me yake canzawa?

Ɗan Gajeriyar Hanya:
Wa alaikumus salam. Duba agogon sabar tukuna. In ya yi tsalle, irin haka na faruwa.

Mai Gadin Saba:
Na duba, Yaya. Agogo lafiya lau yake, yana daidaita kansa ta intanet.

Dattijon Unix:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, rabu da `ls -l`, agogo ɗaya kawai yake nuna maka. Zaɓi fayil ɗaya daga cikin waɗanda aka ce an taɓa, ka buga `stat` a kansa, ka faɗa mana abin da ke gaban Access da Modify da Change. Sannan ka tuno: mako biyun nan da suka wuce, me ka canza a saitin bakof ɗin?

Mai Gadin Saba:
Baba, ga shi. Modify yana nuna bara. Access yana nuna mako biyu da 'yan kwanaki baya. Change kuwa ƙarfe 1:47 na daren jiya. Na gwada wasu guda biyar, duk Change ɗinsu tsakanin ƙarfe ɗaya da huɗu na daren jiya ne, wato daidai lokacin bakof.

Saiti kuma, e, na taɓa abu ɗaya. Muna da folda ta musayar fayiloli da ake sharewa da `find -atime +90`, duk abin da aka yi kwana 90 ba a buɗe ba a goge shi. Sai na lura ba ta taɓa goge komai, saboda cikakken bakof yana karanta kowane fayil duk mako, lokacin buɗewa ya dawo sabo. Na ga wani zaɓi a manhajar na a mayar wa fayil lokacin buɗewarsa na asali bayan an kwafe shi, sai na kunna.

Dattijon Unix:
To ai ka kama ɓarawonka da kanka. Ana maganin ƙaba, kai na kumbura.

Kowane fayil a tsarin Unix yana da ɗan katin bayani da ake kira inode, a ciki ake rubuta mai fayil, izini, girma, da agoguna uku. mtime, wato Modify, shi ne lokacin da abin da ke cikin fayil ya canza. atime, wato Access, lokacin da aka karanta shi. ctime kuma, wato Change, lokacin da katin kansa ya canza: an sauya mai shi, an sauya izini, an ƙara masa suna, ko an rubuta wani abu a cikin fayil ɗin. Mutane da yawa suna ɗauka harafin c na nufin lokacin da aka ƙirƙiri fayil. Ba haka ba ne.

Abin da manhajarka take yi yanzu shi ne: ta duba atime ta riƙe, ta karanta fayil, Linux ya sabunta atime, sai ita kuma ta ce a mayar da tsohon. Wannan mayarwar rubutu ce a kan katin. Linux kuwa duk sanda manhaja ta nemi a canza wani abu a katin sai ya buga ctime da lokacin da ake ciki, kuma babu umarnin da ke ba manhaja damar zaɓar wa ctime lokaci. Da `touch` kana iya kai mtime da atime duk shekarar da ka ga dama, ctime dai a'a.

Daren da ya biyo baya manhajar ta zo tana tambaya: wane fayil ne mtime ko ctime ɗinsa ya fi lokacin fara bakof na baya sabunta? Amsa: dukansu, domin ita da kanta ta taɓa su bayan ta fara. Sai ta kwashe duka, ta sake mayar da atime, ctime ya sake motsawa. Gobe ma haka. Kamar mai share sawunsa ne da tsintsiya, sawu ya ɓace, zanen tsintsiya ya rage.

Sabon Shiga:
Baba, a gafarce ni, ina koyo ne. Me ya sa manhajar bakof take duba ctime tun farko? Ba abin da ke cikin fayil muke so mu adana ba? Ai mtime ya isa.

Ɗan Gajeriyar Hanya:
Abin da zan faɗa ke nan. Malam Mai Gadi, bar zaɓin da ka kunna, ka ƙara da wanda ke cewa a duba mtime kaɗai. Manhajar bakof ta Bacula ma tana da su biyun, `keepatime` da `mtimeonly`, tare ake haɗa su. Minti biyu ka gama.

Dattijon Unix:
Zai yi aiki, amma ka san abin da ka sayar. Ga misali. Ma'aikaci ya zo yau da ƙunshin takardun shekara uku da suka wuce, ya warware shi a kan saba da `tar` ko `unzip`. Dukansu suna mayar wa fayiloli mtime ɗinsu na asali. Fayilolin sababbi ne a wurinka, amma mtime yana cewa tsofaffi ne. Bakof mai duba mtime kaɗai zai wuce su ko kallo babu, sai Asabar ta zo. In faifai ya mutu ran Alhamis, sun tafi. Haka in an kwafo da `cp -p`, ko an matsar da fayil da `mv` daga wata folda zuwa wata. Haka in ka gyara izinin folda gaba ɗaya da `chmod`: mtime ba zai motsa ba, ranar maidowa sai ka tarar da tsohon izini.

ctime ne ke kama duk waɗannan. Shi ya sa a cikin manhajojin bakof, Borg yake duba ctime da girma da lambar inode a matsayin tsarinsa na asali, restic ma yana haɗa ctime da mtime. Littafin GNU tar ya faɗa ƙarara cewa mayar da atime ta wannan hanyar ba ta jituwa da bakof na abin da ya canza.

Ɗan Gajeriyar Hanya:
Baba, da girmanka, rsync mai kwafar fayiloli daga wuri zuwa wuri fa? Girma da mtime kawai yake dubawa, kuma duniya na amfani da shi ba a mutu ba.

Dattijon Unix:
Tambaya mai kyau, amma aikin ba iri ɗaya ba ne. rsync ba ya tambayar "me ya fi jiya sabunta". Yana jera abin da ke nan da abin da ke can ne ya gwada su ɗaya bayan ɗaya. Fayil ɗin da babu shi a can zai tura shi ko mtime ɗinsa na 1995 ne. Inda yake tuntuɓe daban ne: in abin ciki ya canza amma girma da mtime suka tsaya yadda suke, ba zai gani ba sai ka sa `--checksum`. Kuma in ka manta `-t`, ko `-a` da ya ƙunshe shi, kwafin zai ɗauki lokacin da aka tura shi, gobe ya ga lokuta sun saɓa, ya sake bin kowane fayil.

Anti Tsaro:
Ni abin da ya fi damuna a labarin nan ba cikar faifai ba ne. Ƙanena, mako biyu kana samun ƙararrawar ƙarya dubbai kowace safiya. Ranar nawa ka daina karanta jerin?

Mai Gadin Saba:
Gaskiya Anti, tun rana ta uku.

Anti Tsaro:
To ka gani. Da wani ya shigo ya musanya fayil ɗaya a cikin kwanakin nan, yana cikin jerin, kai kuma ka goge saƙon ba ka buɗe ba. Mai kutse da ya san aikinsa yakan gyara mtime da `touch` don fayil ya yi kama da tsoho. ctime ne ke tona shi, saboda gyara shi sai an juya agogon na'ura ko an shiga faifan kai tsaye, kuma wannan ma yana barin alama. Manhajojin gano kutse irin su AIDE da Tripwire shi ya sa suke lura da shi. Yanzu kowane fayil a sabarka ctime ɗinsa daren jiya ne. In aka ce ka kawo shaidar yaushe aka canza izinin wata folda, ba ka da ita, kuma ba ta dawowa. Kashe zaɓin nan yau, kada ka jira a gama muhawara. Bayan ka kashe, ka gwada abin cikin fayilolin tsarin da kwafin da aka ɗauka kafin matsalar, sannan ka sabunta ma'aunin manhajar sa idon.

Ɗan Gajeriyar Hanya:
To shi ke nan, na janye. Ga wata: a ɗaura faifan da `noatime` a huta. Babu sabunta atime, babu buƙatar mayar da shi, faifai ma ya samu sauƙin rubutu. Ni duk sabobina haka suke.

Anti Tsaro:
Malam, ka koma ka karanta saƙonsa na uku. Yana da umarnin da ke goge duk abin da atime ɗinsa ya wuce kwana 90. In ka tsayar da agogon, fayil ɗin da ake buɗewa kowace safiya ma zai cika kwana 90 a goge shi. Garin neman gira a rasa ido.

Ɗan Gajeriyar Hanya:
Kai! Na manta da wannan. Allah Ya ba ki haƙuri, Anti, yau ba ranata ba ce.

Sabon Shiga:
Ni kuma na gwada a kwamfutata, na buɗe fayil sau uku da `cat`, Access sau ɗaya kawai ya canza. Ko tawa ta lalace ne?

Dattijon Unix:
Ba ta lalace ba, ɗana. A da can, kowace karantawa sai an yi rubutu a faifai don sabunta atime, abin da ya sa mutane suka tsane shi. Tun Linux 2.6.30, a 2009, tsarin da ake samu kai tsaye shi ne `relatime`. Ba ya sabunta atime sai in bai fi mtime ko ctime sabunta ba, ko kuma ya kwana ɗaya cur ba a sabunta shi ba. An yi haka ne don tsofaffin manhajoji irin su mutt, da ke gane sabon saƙo ta gwada atime da mtime na akwatin wasiƙa, su ci gaba da aiki. Ga lissafin kwana 90, sau ɗaya a rana ya wadatar.

Mu koma kan Mai Gadi. Hanyar da ta dace ita ce manhajar ta karanta fayil ba tare da agogon ya motsa ba tun farko. Linux yana da wannan tun 2.6.8, a 2004: ana buɗe fayil da alamar `O_NOATIME`. Sharaɗinsa shi ne mai buɗewar ya zama mai fayil ɗin ko root, wato mai cikakken iko a kan na'urar, bakof kuwa galibi root ne ke gudanar da shi. A GNU tar `--atime-preserve=system` ke nan, saɓanin `replace` mai mayarwa bayan an karanta. A rsync daga 3.2.0 akwai `--open-noatime`. A Bacula zaɓin `noatime` ne. Borg shi yana yi da kansa. Duba takardun manhajarka, zan yi mamaki in babu makamancinsa.

In faifan yana kan tsarin ajiya irin LVM ne, ko ZFS ko Btrfs, akwai wadda ta fi: ka ɗauki daskararren hoton faifai, wato kwafinsa yadda yake a wannan lokacin, ka ɗaura shi a matsayin na karantawa kawai, ka yi bakof daga can, ka goge hoton. Fayilolin asali ko kusa da su ba a je ba. Ƙarin riba kuma, fayil ba zai canza kana tsakiyar kwafarsa ba.

Na Windows:
Ina ta karanta ku ina murmushi. Mu a nan an kashe sabunta lokacin buɗewa tun zamanin Vista, sai wanda ya kunna da kansa, kodayake sababbin fitowa sun bar wa tsarin ya yanke a wasu yanayi. `fsutil behavior query disablelastaccess` zai gaya maka halin da naka yake. Daskararren hoto kuma wani sashe na Windows mai suna VSS yana yi mana, yawancin manhajojin bakof da shi suke aiki.

Amma kada ku ce ba mu da namu ciwon. Tsofaffin manhajoji suna dogara da wata 'yar tuta a kan fayil, archive bit: an canza fayil ta tashi, an yi bakof a sauke ta. In manhajoji biyu suna bakof a saba ɗaya, ta farko ta sauke tuta, ta biyu ta zo ta ga babu abin ɗauka. Sannan in ka kwafi fayil, lokacin ƙirƙira yana zama yau, lokacin gyara yana nan a tsohonsa. Na taɓa shafe rabin awa ina yi wa wani mai binciken kuɗi bayanin yadda aka yi takarda ta samu gyara shekara biyu kafin a ƙirƙire ta. Har na gama yana kallona kamar ni na ƙulla abin.

Dattijon Unix:
Ai da gaskiyarsa, wa zai yarda da ɗan da ya girmi ubansa. Mu ma yanzu muna da lokacin haihuwa a ext4 da XFS, sabon `stat` yana nuna shi a layin Birth tun da aka kawo `statx` a Linux 4.11, a 2017. Amma shi ma haihuwar katin ce a wannan faifan, ba ta takardar ba.

Na Windows:
Daidai. Kuma duk mai ƙaura da fayiloli da robocopy ya tuna da `/DCOPY:T`, in ba haka ba foldoji duk za su ɗauki ranar ƙaura. In ɗaya ɓangaren FAT ne, tsohon tsarin faifai da ake yawan samu a filashi, agogonsa da daƙiƙa bibbiyu yake tafiya, sai an sa `/FFT`. A rsync `--modify-window` ne maganinsa. Shi ne dalilin da wasu ke ganin filashi yana sake kwafar abin da ya riga ya kwafa.

Anti Tsaro:
Tunda an zo nan, Mai Gadi, ka taɓa gwada maidowa ka duba agoguna bayan an gama? Mutane suna duba ko fayil ya buɗe, su tsaya a nan. Manhaja mai kyau za ta maido mtime, wasu har atime. ctime da lokacin haihuwa kuwa ranar maidowa za su nuna, babu makawa, domin sabon kati aka yanka. Saboda haka bakof na farko bayan maidowa zai yi girma, kada ka firgita.

In kuma mtime ya ɓace a hanya, nan ne ake shan wahala. `make`, mai harhaɗa manhaja, zai rikice kan abin da ya kamata ya sake ginawa. Sabar shafin intanet tana gaya wa burauza ranar gyara daga mtime ne, nginx ma, ɗaya daga cikin irin waɗannan sabobin, da mtime da girma yake haɗa alamar da ake gane ko fayil ya canza, sai kowa ya sake sauke komai. Duk umarnin da ke goge tsofaffin kundin aiki da `-mtime` zai ga jarirai ne. Masu tura bakof zuwa ma'ajiyar gajimare irin S3 su ma su lura, ranar da ke jikin abu a can ranar ɗora shi ce. rclone, mai tura fayiloli can, yana ajiye mtime na asali a gefe cikin bayanan abin, amma ba kowace manhaja ke yi ba.

Mai Gadin Saba:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na kashe zaɓin tun da Anti ta yi magana. Na kuma samu ɗayan a takardun manhajar, na buɗewa ba tare da taɓa atime ba, na kunna. Zan dawo da labari.

Mai Gadin Saba:
Na dawo. Daren farko ya sake kwashe komai, gabana ya faɗi, sai na tuna ctime ɗin daren da ya gabata yana nan. Dare na biyu minti 17. Manhajar sa ido ta turo fayiloli tara kacal, duka na san dalilinsu.

Sai dai tsugune ba ta ƙare ba. Folda ɗaya har yanzu Access ɗinta yana motsawa lokacin bakof. Ita ba a faifan sabar take ba, daga wata na'urar ajiya aka ɗauro ta ta NFS, hanyar raba folda tsakanin na'urori.

Dattijon Unix:
Wannan sananne ne. A NFS waccan na'urar ce ke riƙe da agogon, ita kuma buƙatar karatu kawai take gani, ba ta san da wace alama ka buɗe fayil ba. Ka yi bakof ɗin foldar daga can, ko daga daskararren hotonta in tana yi.

Amma bari in faɗi abin da ke raina tun farko. Ni ban yarda a ɗora gogewa a kan atime ba. Yana gaya maka an karanta fayil, ba ya gaya maka wa ya karanta. Manhajar neman ƙwayar cuta ta bi ta kai, ya motsa. Wani ya buga `grep -r` a kan folda, ya motsa. Mai haɗa ƙananan hotunan takardu ya leƙa, ya motsa. Yau ka rufe ƙofar bakof, gobe wata za ta buɗe. Folda ta musaya ce, ka sanar cewa duk abin da ya kwana 90 da ajiyewa zai tafi, a bar zancen buɗewa.

Anti Tsaro:
A nan kam ban bi ka duka ba, Baba. Kuskuren atime a wannan aikin shi ne ya bar abin da ya kamata a goge, asararsa wuri ne kawai. In ya koma `-mtime`, takardar da aka warware yau mai tsohon kwanan wata za ta tafi a daren nan, misalin da kai da kanka ka kawo. Da `-ctime` ya fi, tunda yana nuna ranar da fayil ya shigo faifan, amma duk ranar da wani ya bi foldar da `chmod` lissafi ya koma farko.

Dattijon Unix:
Kin kama ni da igiyata. `-ctime` nake nufi. Kuma a matsar da fayil zuwa wata folda ta jira na wata ɗaya kafin a goge, kada a goge kai tsaye.

Mai Gadin Saba:
Baba, ctime ɗin nan fa duk na watan nan ne yanzu, ni na lalata shi da hannuna. Ke nan ko na koma kansa, babu abin da zai gogu sai bayan wata uku.

Ɗan Gajeriyar Hanya:
To ai ka samu wata uku na rubuta sanarwar. Ni dai bari in je in duba sabobina masu `noatime`, akwai wani tsohon umarnin shara da na gada a ɗaya daga cikinsu, ban taɓa buɗe shi na ga da wane agogo yake aiki ba.